Gawayin da Kawu Ciɗo Ya Aika

Tawa, 6 ga Disamba 1965

Zuwa ga taubashina Yunusu ɗan Ciɗo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Goggonka Halima tana gaishe ka, ƙafar tata dai tana nan yadda ka san ta. Ƙanwarka Zalika da yaranta lafiya lau. Hatsi ya yi dama-dama bana a wajen Barmu, ba a yi kuka ba.

In ka ga rubutun nan kamar sawun kaji, kada ka yi dariya, nawa ne da hannuna. Shekara biyu ke nan ina zuwa karatun manya bayan na rufe keken ɗinki. Yanzu ba na bukatar kowa ya rubuta mini zagin da zan yi maka.

Amma yau ba wasa ya sa na ɗauki alƙalami ba. Makon jiya na je ƙauye, Kawu mahaifinka ya kama hannuna ya ce in raka shi Tudun Tama. Ka tuna wurin? Tun kana shekara goma sha biyu ka bi masu tafiya haƙar kuza a Jos, zuwanka gida biyu kacal cikin shekara ashirin, don haka bari in tuna maka. Ramukan da kakanninku suka haƙo tama suna nan, wasu sun rufta, wasu dila ta mai da su gida. Kashin maƙera ya yi tsibi-tsibi, baƙi ƙirin, har ya fi ni tsawo. Murhunan narka tama kuwa sai gindinsu, kamar rumbunan da aka yanke a ƙugu. Ko'ina ka taka sai fasassun bututun yumɓu su yi ƙara ƙarƙashin takalminka.

Kawu bai ga rabin abin da nake gani ba, idon ya tafi sosai, amma da sandarsa yake nuna mini kowane gindi da sunan mai shi. Ya ce yana saurayi ya ƙidaya murhu arba'in suna ci a lokaci ɗaya. Maƙera daga Affala da Takanamat sukan zo su kafa bukkoki wata biyu cikin sanyi, Buzaye kuma su durƙusar da raƙuma suna jiran ƙarfen takobi. Rabon da a hura wuta a nan shekara goma sha huɗu, tun da ƙarfen matattun motoci ya cika kasuwa. Cikin waɗanda suka san aikin saura shi da tsoho Talle, shi kuma Talle ginin murhu kawai ya sani.

Ga abin da yake so. Yana so ya narka tama sau ɗaya kafin ya mutu, kana tsaye a gefensa. Akwai awon tama da na gawayi, akwai kuma kalmomin da ake faɗa a bakin murhu lokacin da wuta ta kama. Ya ce a gidanku ba a ba da su a ɗaka, ba a ba da su a takarda, sai uba ya faɗa wa ɗa a gaban wuta tana ci. Na ce masa ga ni kusa, ya ba ni in ajiye maka. Ya yi dariya ya ce ni ɗan mace ne, in je in ci gaba da allurata.

Dole a yi kafin ruwan farko ya sauka, don murhun yumɓu ne a fili. Hannunsa yana rawa, Yunusu. Ban ga alamar zai iya jiran wani ranin ba.

Ya ba ni ɗan guntun gawayin nan ya ce in sa cikin ambulan. Na tambaye shi na mene ne, ya ce ɗan maƙeri ba ya bukatar bayani. Ni tela ne, na sa kamar yadda aka ce.

Naka,
Almustafa

Sansanin Dalma, ƙasar Wase, 27 ga Janairu 1966

Zuwa ga Almustafa sarkin allura,

Barka da shan ruwa, barka da Salla. Takardarka ta iso ni ana saura kwana huɗu azumi ya ƙare. Ina lafiya, sai ciwon ciki da ke taso mini lokaci-lokaci, wanda duk wanda ya daɗe a nan yana da shi. Ka gaishe mini da Baba, da Goggo, da Zalika.

Gawayin ya farfashe a hanya, ya baƙanta takardar har sai da na karkaɗe ta kafin in gane sawun kajin naka. Na sansana, na itacen ƙirya ne. Na gane Baba yana so in san ya samu gawayi mai kyau. Na ƙulle garin a tsumma na sa cikin akwatina.

Ka ba ni labarin kangonku, to bari in ba ka na nawa, don ina jin ku a gida kuna zaton wani babban aiki nake yi. Gadin kango nake yi. Da na bar kuza na zo nan, wurin yana da rai. Mutum ɗari biyar muna shiga rami muna fito da dutse mai walƙiya irin wanda mata ke niƙa tozali da shi. Ana tura shi cikin kurar ƙarfe a kan ɗan layin dogo zuwa gidan narkawa, dalma ta fito tana gudu kamar ruwa, a zuba ta a mazubi. Tsofaffin ƙasar sun ce tun kafin Turawa kakanninsu suke tonon tozali a nan da hannu. Sai ruwa ya ci ƙarfin ramin. Injin jan ruwa ya ja, ya ja, ya gaji. Shekara shida da suka wuce manajan kamfani ya tara mu ya ce an dakata, za su dawo. Aka sallami kowa, aka bar mu biyu, ni da wani Basakkwace, Attahiru.

Yanzu ramin ya cika da koren ruwa, akuyar da ta sha ba ta kwana biyu. Rufin gidan narkawa iska ta kwashe. Bututun hayaƙi yana nan tsaye, jemagu sun cika shi. Inda aka zubar da kashin dalma ko ciyawa ba ta fitowa. Kowace safiya nakan zaga da sanda, in duba kwaɗon ƙofar da babu bango a gefenta, in koma in zauna. Mata sukan zo tsintar tozali a juji, ni kuma in kau da kai.

Maganar zuwa. Attahiru ya tafi ganin gida, ba a barin wurin babu kowa. Ka kuma ji abin da ya faru a ƙasar nan cikin watan nan, sojoji sun karɓi mulki, ana tare motoci a hanya, kowa yana kaffa-kaffa. Wannan duk gaskiya ne. Amma tun da kai ne, bari in faɗa maka sauran. Tsoro nake ji. Ban taɓa ɗaga masaba a gaban Baba ba tun ina yaro. In na tsaya a bakin murhu ya ba ni abin da kakanni suka riƙe, me zan yi da shi? Wa zai sayi ƙarfen tama yau? Kada ka karanta masa wannan wurin.

Ka ce masa ina neman hanya. Ban ce a'a ba.

Naka,
Yunusu

Tawa, 19 ga Fabrairu 1966

Yunusu,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Ka riƙa jiƙa sabara kana sha saboda cikin nan, in ji Goggonka.

Na shiga kamyo, babbar motar ranar kasuwa, na kai wa Kawu takardarka. Na tsallake inda ka ce in tsallake. Da na zo kan “ban ce a'a ba” sai ya sa na maimaita sau uku.

Ka zo ka ga tsohon da na ce maka hannunsa yana rawa. Shi da Talle sun kwaɓa ƙasar suri da ciyawa, murhu ya tashi har kafaɗata, sabo fil a tsakiyar kangaye. Kullum da hantsi yana kora jaki zuwa ramuka. Ba ya gani, da hannu yake zaɓar tama, ya auna nauyinta a tafi, wani lokaci har ya ɗora a harshe, ya jefar da goma ya ɗauki ɗaya. Mangala bakwai ya tara. Zalika ta ce rabon da ya cinye tuwonsa tas tun rasuwar mahaifiyarku, sai yanzu.

Tsoron naka kuwa, ka zo da shi, akwai wurin ajiya a shagona. Ba wanda ya ce ka zama maƙeri. Kunne kawai ake nema a wurinka, kuma naka manya ne tun muna yara.

Ka ba da rana.

Almustafa

Sansanin Dalma, 9 ga Maris 1966

Taubashina,

Gaisuwa da fatan alheri. Cikin ya yi sauƙi, a yi wa Goggo godiya.

Ina zuwa. Ka karanta masa wannan da ƙarfi: ina zuwa. Attahiru ya aiko cewa zai dawo bayan Babbar Salla da mako uku. Ranar da ya sauke jakarsa zan ɗauki tawa. In Allah ya so, farkon watan Mayu ina Tawa, kafin hadari ya fara haɗuwa. Ko kamfani ya dawo ko kada ya dawo, ya same ni a ƙasarmu ta Adar.

Labarin jakin nan ne ya karya ni. Na zauna a gindin bututun hayaƙi na yi kuka kamar yaro. Shekara shida ina gadin wutar wasu da ta mutu, tawa tana can tana jirana.

Jiya Allah ya haɗa ni da Isufu direba, mutumin Tawa, wanda ke kai albasa Jos. Akawun kamfani da ke leƙo mu ya daɗe da ba mu izinin kwasar guntayen layin dogon da suka karye. Na zaɓi shida masu kyau, na naɗe a buhu, na roƙi Isufu ya kai wa Baba har gida. Ƙarfe ne da ba ku taɓa ganin irinsa a kasuwar Barmu ba. Shekara ashirin ina aika masa riga da hula, yana ba wa mutane. Yau dai na aika abin da maƙeri zai taɓa ya ji daɗi. Ya samu ƙarfen ƙera wa manoma kalmen noma kafin damina, ba sai ya aika kasuwa ba. Isufu yana sauri, ban samu rubuta komai ba, sai yau. Gobe mai zuwa kasuwar Wase zai jefa wannan a gidan waya.

Ka ce wa Talle ya rufe bakin murhun saboda awaki.

Naka,
Yunusu

Tawa, 3 ga Afrilu 1966

Yunusu,

Muna lafiya, an yi Salla. Ba zan tsawaita gaisuwa ba don raina a ɓace yake.

Na ce ka ba da rana, yau kwana arba'in da uku babu takarda. Sai ga amsarka ta zo a bayan kamyon Isufu. Ina ƙauye ranar, na kai wa yaran Zalika kayan Salla. Isufu ya sauke buhu a ƙofar maƙera ya ce daga Yunusu. Kawu ya tambaye shi ko akwai takarda, ya ce babu. Ko akwai saƙon baki, ya ce babu, an dai ce ya kawo.

Ni da wautata har na fara murna. Na kwance buhun ina cewa Kawu ga ƙarfe kamar na gwamna. Ya durƙusa ya shafa guda ɗaya tun daga wannan kai har wancan. Ya daɗe yana shafawa. Talle yana tsaye, na ga ya juya fuska. Sai Kawu ya ce, a hankali, “Ya amsa. Ɗana ya amsa mani.”

Daga baya Talle ya ja ni gefe ya yi mini bayanin da ya kamata a yi mini tun watan Disamba. A zamanin da ake narka tama, in mai murhu zai gayyaci wani maƙeri, guntun gawayi yake aika masa. Wanda zai zo ba ya mayar da komai, sai dai a gan shi. Wanda ba zai zo ba kuwa, sai ya aiko da guntun ƙarfe, ma'ana yana da nasa, ba ya bukatar rabo a wutarka. Talle ya ce ko tsakanin abokan gaba abu ne mai nauyi, shi bai taɓa ganin ɗa ya yi wa uba ba. Kai kuma ba guntu ka aiko ba, shida.

Na ce wa Kawu wataƙila ba ka sani ba. Ya ce, “In ya sani, ya ƙi ni. In bai sani ba, wa zan ba? Duka ɗaya ne, ɗan Halima.”

Washegari da hantsi ya ɗauki masaba ya ce in kai shi Tudun Tama. Na ƙi. Ya tafi shi kaɗai da sanda, dole na bi shi. Na riƙe hannunsa, ya ce in sake shi, abin gidansu ne. Ya lalubi murhun ya fara duka. Ƙarfinsa bai kai ba, sai da ya huta sau huɗu. Ina tsaye ina kallo har ya mai da shi daidai da sauran gindayen. Tun ranar ba ya fita, abinci sai Zalika ta yi da gaske.

Ban san abin da ke zuciyarka ba. In ka san ma'anar abin da ka aiko, to ka cuce shi, kuma ni da kai wasa ya ƙare. In ba za ka zo ba, da ka rubuta mini, ni na san yadda zan lallaɓa shi har damina ta sauka, laifin ya zama na ruwa.

Almustafa

Tawa, 29 ga Afrilu 1966

Ɗan'uwana Yunusu,

Assalamu alaikum. Wannan takarda ban sa ta a gidan waya ba. Na ba Isufu ya bar ta a hannun sarkin tashar Ƙonni, ya ba ka in ka sauka canjin mota. Na san kana hanya ko kana shirin tasowa. Ina so ka karanta kafin ka iso, domin ba zan iya faɗa maka da baki ba.

Allah ya yi wa Kawu rasuwa ranar Litinin, bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.

Takardarka ta tara ga Maris ta iso ni ranar Alhamis ta makon jiya. Kwana arba'in da biyu ta yi a hanya, ambulan duk hatimi, har da na wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Na karanta a tsaye a ƙofar gidan waya. Ban koma shago ba, a buɗe na bar shi. Babu kamyo ranar, na hau raƙumin wani mai gishiri har rabin hanya, sauran na taka da ƙafa.

Na tarar kwana biyar ke nan da Kawu ya faɗi a bakin randa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Amma yana ji, idonsa a buɗe. Na zauna kusa da kansa na karanta da ƙarfi kamar yadda ka ce. Na karanta “ina zuwa” har ban san sau nawa ba. Na karanta masa wurin riga da hula, da wurin kalmen manoma. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Zalika ta ɗauko guntun layin dogo ɗaya daga inda aka jefar da su bayan rumbu, ta sa masa ƙarƙashin hannun hagu. Ya riƙe bai saki ba. Ya sani, Yunusu. Wannan kam na rantse maka, bai tafi yana fushi da kai ba.

Akwai abin da ya rage, kuma shi ne ya fi mini nauyi. Ranar Lahadi da safe ya yi wa Zalika alama ta hura wuta a kasko ta kawo kusa da shimfiɗarsa. Ya sa aka fitar da kowa. Ya kama wuyan rigata ya jawo kunnena bakinsa. Ni ɗan mace, da ya ce in je in ci gaba da allurata. Ya daɗe yana magana, yana tsayawa yana sake farawa, ina jin numfashinsa a kunnena. Na kasa kunne iyakar iyawata. Wallahi ko kalma ɗaya ban gane ba. Da ya gama ya dube ni, na gyaɗa kai na ce na riƙe, zan ba ka. Ƙarya na yi masa, Allah ya yafe mini. Ba ni da abin da zan ba ka.

Na san takardata ta uku ga Afrilu tana can tana nemanka, ko ta riga ta same ka. Ka yafe mini abin da ke ciki. Ni na sa gawayin a ambulan ban matsa na san ma'anarsa ba. Talle ma tun ranar jana'iza yake cewa laifinsa ne da bai yi magana da wuri ba.

Ka san ƙasarmu, ba a barin kabari babu duwatsu saboda kura. Da muka gama rufewa aka tashi neman duwatsu, sai Talle ya ce a dakata. Ya kora jakin zuwa Tudun Tama, sawu bakwai. Tamar da Kawu ya zaɓa maka da hannunsa, ita muka jera a kansa. In ka shiga maƙabarta ba sai ka tambaya ba, shi kaɗai ne mai jajayen duwatsu.

Kada ka wuce ƙauye kai kaɗai. Ka sauka Tawa, shagona yana nan bayan masu sayar da fata. Mu tafi tare.

Naka har kullum,
Almustafa